Tokar Filin Yaya

Ranar da aka yi addu'ar arba'in ta yayana, ga waɗanda suka hallara. A ƙofar gida akwai liman da na'ibinsa, da mai unguwa, da sarkin noma, da wanzamin gidanmu. Akwai ardon Fulanin da ke sauka bayan rafi. Akwai wani tsoho da ya zo daga Zariya a motar kasuwar Makarfi, wanda suka yi aikin jirgin ƙasa tare da marigayin. Ikara sun turo mutum biyu, Kudan uku. 'Yan ƙwallonsa sun zo su duka, suka jeru a gindin katanga yadda ya saba jera su. A cikin gida akwai matarsa tana takaba, da 'yarsa tilo, da matan maƙwabta. Sai ɗana na fari, ya zauna shi kaɗai kan kututture, nesa da kowa. Sai ni ƙanwar mamacin, a bayan zana, inda nake jin kowa, nake kuma ganin kowa ta tsakanin ciyawar.

Ni ban taɓa zama gaban malami ba, na allo ko na boko, sai abin salla da uwarmu ta koya min. 'Yar marigayin ce ke rubuta wannan, ita da ya sa a makaranta gari na ta surutu. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, ko inda na ga laifinsa kada ta tsallake. Ina so a san shi yadda yake, tun kafin masu yabo su mai da shi wani mutum dabam.

Ba wanda ya kira sunansa na yanka ranar nan. Manaja kowa ke cewa, har liman. Liman ya ce bai taɓa ganin ƙwallo ta ci lokacin salla a filin Manaja ba. Ko ana gab da ci, in ladan ya ɗaga murya zai busa usur kowa ya nemi buta. Ardo ya ce wata shekara shanunsa sun ratsa filin bayan ruwa, suka bar shi rami-rami. Ya zauna a ruga yana jiran sammacin mai unguwa, sai ga Manaja da hauya biyu, ya miƙa masa ɗaya ya ce su je su cike. Tun ranar yake kewayewa da garkensa. Ɗaya daga cikin mutanen Ikara ya ce, "Mun ci shi, ya ci mu, bai taɓa cewa alƙalin wasa ne ya cuce shi ba."

"Shi dai ya cuci matanmu," in ji mai unguwa. "Ya ƙarar musu da toka."

Aka yi dariya irin ta zaman makoki, a hankali, ana share ido. Tsohon Zariya ya buɗe baki sau biyu zai yi magana, ya haƙura. Ɗana na nan kan kututturensa. Ina kallonsa. Fatihar ma shi ne na ƙarshen ɗaga hannu.

Bayan an shafa, liman ya yi rabon gado yadda littafi ya ce. Yaya bai bar ɗa namiji ba. Matarsa ta samu nata, 'yarsa ta samu gida da gonar tudu, abin da ya rage ya faɗo kaina. Abin da ya rage kuwa shi ne filin ƙwallo, baƙar ƙasa shimfiɗaɗɗiya a gefen fadama, wadda ta fi kowace kyau cikin gonakin ubanmu, wadda Yaya ya hana wa garma shekara ashirin da wani abu.

A nan ɗana ya miƙe.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa mai unguwa, "tunda ya zama na Inna, ni ke yi mata noma. Ruwa ya sauka. Na riga na yi magana da mai shanun huɗa na Gubuchi. Gobe da sassafe za su shiga."

Babban mutanen Kudan ya ce, "To wasan da Manaja ya yi mana alkawari fa? Juma'a ta sama ce."

"Mai alkawarin ya tafi. Ku buga a kasuwa."

'Yan ƙwallon suka sunkuyar da kai. Mai unguwa ya juyo wajen zana ya ce, "Me mai fili ta ce?"

Ban ce komai ba. A wurinmu uwa tana yi wa ɗan fari kawaici: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta musa masa a gaban mutane. In tana da saƙo sai ta ce a gaya wa wancan. Sau ɗaya na taɓa karya wannan, zan zo kansa. Shirun nawa aka ɗauka amincewa ce, aka watse.

Yaya ya girme ni da shekara bakwai. Yana saurayi ya tafi Zariya, ya samu aiki a loko, inda ake gyaran kan jirgi. Shugaban aikinsu wani Bature ne ɗan wata ƙasa da ake kira Ailan. Yaya ya ce mutumin nan a ƙasarsu ƙwallo ce sana'arsa, kamar yadda ƙira take sana'ar maƙeri. Ya haye Ingila ya buga wa manyan ƙungiyoyi har aka ɓata masa gwiwa. Sai aka ba shi riƙon wata ƙungiya, ya zama manaja, wato mai cewa wane ya shiga wane ya zauna. Suka yi ta shan kashi, aka sallame shi, ya biyo aikin jirgi ya faɗo ƙasarmu.

Da ya ba ni labarin nan na ce, "Yaya, mutanen da ke ciyar da ƙato don ya bi fata da gudu, su ke mulkinmu?"

Ya ce, "Ai shi ba ya cikinsu, Auta. Turawan Ingila da ke kanmu sun daɗe a kan su ma. Sai da mutanensa suka yi da gaske kafin Turawan su fita."

Baturen ya haɗa ƙungiya cikin ma'aikata. Yaya ya ce ba ya duban ƙafar mutum. Tsayawa yake a wurin aiki yana kallon wanda zai kama ɗaya bakin ƙarfe ba tare da an kira shi ba, wannan shi yake ba riga. Haka aka ɗauki Yaya, ga ƙafa kamar ta raƙumi. Ya tsare musu baya shekara da shekaru, suna bin jirgi Kano da Kaduna suna bugawa ba takalmi. Shi ma daga ƙarshe gwiwa ta mai da shi gida. Ya dawo da ɗingishi, da ƙwallon fata mai ɗinki, da famfon hura ta, da usur ɗin da Baturen ya cire daga wuyansa ya ba shi.

Ya tarar ubanmu ya rasu. Bai yi shawara da kowa ba, ya tumɓuke kututturan gonar gefen fadama, ya kafa azara biyu nan biyu can. Na same shi da faɗa.

"Ƙasar da ta ciyar da mu za ka mai da wurin tsalle-tsalle?"

"Auta, in an gama girbi samarin garin nan ina suke zuwa?"

"Cin rani."

"Duka suke dawowa?"

Ƙanin mijina ma ya tafi bai dawo ba. Amma ban yarda ba. Shekara ashirin ina gaya masa ban yarda ba, duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Maganar toka kuwa gaskiya ce. Da ita yake ja layin fili, kuma ba kowace yake so ba, sai farar tokar karan dawa, wadda mu mata muke ɓoyewa don ruwan toka da sabulu. Duk Juma'a da hantsi zai ɗauki masaki, tsohon ma'aikacin jirgi da furfurarsa, ya bi gida-gida yana cewa, "Masu gida, a taimaka wa Manaja da toka." Mata na zaginsa daga ciki suna miƙo masa. Sai ya kafa turke, ya ja igiya, ya bi ta yana zubawa yana ɗingishi. In ruwa ya wanke, wata Juma'ar ya sake. Ban taɓa jin ya yi ƙorafin ruwa ba.

Baturen ya zo garinmu sau ɗaya, a bayan motar auduga, kafin ya koma ƙasarsu. Ni na yi tuwon. Na leƙa shi da kyau. Jajir yake kamar an ɗauko shi daga wuta, ya cire takalmi a bakin zaure ba a gaya masa ba, ya ƙi kujera ya zauna kan tabarma da ƙafa ɗaya a miƙe. Da la'asar suka fita auna fili da taku, shi yana ɗingisa dama, Yaya hagu, suna karo da kafaɗa, gari na bin su da kallo. Ya duƙa ya damƙi ƙasar ya murza, ya faɗi wata magana yana dariya. Yaya ya juya min: wai gonar dankalin uwarsa ba ta kai rabin nan ba, kuma da ta ga ya bar ƙasa irin wannan ba shuka, da sanda za ta bi shi.

Na ce, "Gaya masa uwarsa mai hankali ce."

Baturen ya ce a gaya min ya sani. Daga baya ya aiko da takarda da hoto, wai wata ƙungiya a garinsu ta sake ba shi riƙo. Yaya ya sa malamin makaranta ya karanta masa har sau uku. Abin da ya fi burge shi, mutumin da aka kora ya yarda ya koma.

Shekarar da mijina ya rasu ana tsakiyar noma, ban roƙi kowa ba. Wata safiya na je gona na tarar da 'yan ƙwallo jere da hauyoyi, Yaya na kan suri da usur a baki. Na ce mene ne haka. Ya ce atisaye ne, ƙugunsu ba ƙarfi, in matsa kada in ɓata masa aiki. Sau uku suka yi wannan atisayen a daminar nan. Bai bar min wurin yin godiya ba, ni ma ban yi ba.

Yadda yake zaɓen 'yan wasa, a gayya yake yi. In an taru noma gonar mutum ɗaya, kowa da kunyar da zai bi, makaɗi na kaɗa ganga ana tsere, shi sai ya zauna a ƙarshen gona yana kallo. Wanda ya kai ƙarshe ya juyo ya tari na baya a kan tasa kunyar, ran Alhamis yana da riga. Wanda ya kai ƙarshe ya ɗaga hauya makaɗi ya yi masa kirari, ya tafi inuwa, ran Juma'a ma inuwa zai zauna. Maganarsa ɗaya ce, a gona da fili: "In ka kai ƙarshe, waiwaya ka ga wa ka bari." Har yaran gari na kwaikwayon muryarsa da ita.

Ɗana na fari a hannunsa ya tashi. Ana yaye shi aka kai shi gidan kawunsa, yadda aka saba. Yaya ne ya yi masa kaciya, shi ya ɗora masa hauya a kafaɗa, shi ya koya masa bugu da hagu. Ya fito ba na biyunsa daga nan har garin Taba. Ya taɓa buga ƙwallo ta wuce tsakanin azara ta fasa tulun mai kunu. Ni lokacin na wuce shekarun kulle, ina suyar ƙosai a bakin fili. In mata suka ce, "Kin ga ɗanki?" sai in ce mai nake kallo kada ya ƙone. Ƙarya nake. Ba taɓawar da zai yi ban gani ba.

Shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu, aka shirya mana wasa da Ikara cikin shagalin. Ba a taɓa yin wanda ya kai shi ba, har daga Zariya za a zo kallo. Saura kwana kaɗan aka yi gayyar ƙarshe a gonar sarkin noma, ni na kai fura. Ɗana ya riga kowa kaiwa ƙarshe. Kusa da shi golansu ne, bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ko rabi bai kai ba, yana noma yana haki. Ɗana ya ɗaga hauya sama, makaɗi ya koɗa shi, 'yan mata suka yi guɗa, ya tafi gindin ɗorawa ya zauna. Na dubi Yaya. Ya ba shi lokacin da mutum zai sha fura ya wanke ƙwarya. Ɗana bai tashi ba.

Ran Alhamis ana rabon riguna a zaure, Yaya ya tsallake shi.

Labari ya iske ni ina tankaɗe. Na shiga zauren maza da gari a hannuna, ba sallama.

"Yaya, me ya yi maka?"

"Auta, koma ciki."

Sai na kira sunan ɗana. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi, na faɗe shi da ƙarfi gaban mai unguwa da wanzami da samari, na ce wa ya fi shi a garin nan. Wanzami ya dubi ƙasa. Shi kansa yaron ya juya fuska bango.

Yaya ya ce, "Ba wanda ya fi shi. Shi ya sa. In na ba shi riga, baɗi duk waɗannan za su ɗaga hauya su tafi inuwa."

"In aka ci ku fa?"

"A ci mu."

Aka kuwa ci mu, biyu ba ko ɗaya, gaban baƙi, ran murna. Ɗana na tsaye bayan azara da hannu a ƙirji. Ana tashi ya naɗe tabarmarsa daga gidan kawunsa ya koma gidan ubansa. Bai sake taɓa ƙwallo ba, in ta gangaro gabansa a hanya tsallake ta yake. Yana gaida kawunsa yadda ake gaida baƙo.

Ni kuwa na yi shekara ba na yi wa Yaya magana. Tokata a bayan gida nake zubar da ita yana gani. Duk da haka ba Juma'ar da bai tsaya a ƙofata ba ya ce, "Masu gida, a taimaka wa Manaja da toka." Ya ɗan jira, ya wuce. Wata rana na gaji na miƙa masa. Ya duba ya ce ta yi gawayi, in riƙa tankaɗewa. Sulhunmu ke nan.

Har yau ban ce ya yi daidai ba a kan ranar da ya zaɓa. Akwai Juma'o'i da yawa da zai hori yaro, bai ga ko ɗaya ba sai wadda duniya ta taru. Amma ga abin da idona ya gani. Tun daga daminar da ta biyo, a kowace gayya, in ɗana ya kai ƙarshe ba ya ɗaga hauya. Juyawa yake ya tari na baya, fuska a ɗaure kamar an tilasta shi. Damina huɗu yana haka.

Da ciwo ya kwantar da Yaya da bazarar nan, ƙafafu suka kumbura, na je na zauna masa da rana ina masa fifita. Ya ce, "Auta, kina zuwa gayya?"

"Ina kai fura."

"Kin gani?"

"Na gani tun kafin ka gani."

Can ya ce, "Shi ne zai riƙe yaran nan. Gaban mutane na cire shi, gaban mutane ya kamata in mayar da shi. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa."

"Girman kai ne, Yaya."

"Shi ne. Na gidanmu ne, ke ma kin samu rabonki." Ya nemi ruwa ya sha. "In na ji dama-dama, wannan Juma'ar."

Ran Laraba ya cika. Wannan shi ne laifinsa da na sani, ya iya cirewa, mayarwa ta yi masa nauyi. Allah ya yafe masa shi. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da kowace hauya da ya sa aka kafta a gonar wani.

To, in koma ranar arba'in. Bayan la'asar, da baƙi suka ragu, na shiga ɗakin matarsa.

Ta ce, "Gwaggo, shiru kika yi."

"Shiru na yi."

Ta jawo adakarsa daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Igiya ce a naɗe, da turaku huɗu, da hoton Baturen, da usur. Ta ce, "Ni takaba ta tsare ni, ba na fita."

Na zauna ina kallon kayan. Ni ce na fi kowa son a nome filin nan. Bara ma rumbuna bai cika ba, kuma ɗana bai yi ƙarya ba, ƙasar tana da kyau. Amma na san ba dawa yake nema ba. So yake ya binne ranar nan ta Ikara. In garma ta shiga, ba sauran wurin da za a mayar da shi, zai tsufa yana wanda aka cire. Na ƙulle usur ɗin a bakin zanena, na ɗauki masaki.

Kafin magariba na bi gida-gida. A kowace ƙofa na tsaya na faɗi abin da yake faɗa, ban canza ko kalma ba. A gidan farko sai na ji mace ta fashe da kuka a ciki. Matar sarkin noma ta fito da tata a faifai ta ce, "Ke da kika fi kowa hana shi?"

Na ce, "Ni ɗin. Zuba, kuma ban da gawayi."

Washegari, ina sallame asuba gari ya fara haske, na ɗora masaki a ka na tafi fili. Ruwan shekaranjiya ya wanke tsohon layi, sai alamarsa a ciyawa. Na kafa turke a kusurwar gabas da dutse, na ɗaura igiya, na ja ta zuwa ɗaya kusurwar. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na ja ɗaya na zuba. Ni kaɗai igiyar ta ƙi tsayuwa, ta kwanta kamar macijiya. Na duƙa na fara zubawa haka nan. Ban yi taku ashirin ba bayana ya fara magana.

Rana na fitowa na ji tafiyar shanu. Mai su ya ja ya tsaya ya gaishe ni, na amsa ban ɗago ba. Na ga ƙafafun ɗana sun tsaya a bakin layin.

"Inna, me kike yi?"

Rabon da in yi masa magana kai tsaye, ba ta bakin wani ba, na manta. Na ce, "Abin da ka gani."

"Shanu na jira."

"Gonata ta bayan rafi ma na son huɗa. A kai su can."

"Jiya ba ki ce komai ba."

"Jiya gaban mutane ne."

Ya ce, "Shi ai gaban mutane ya yi min."

"Na sani. Ina wurin."

Na ci gaba da zuba tokata. Ban gaya masa abin da kawunsa ya faɗa ba. In na faɗa, ba zan taɓa sanin don me ya yi abin da zai yi ba. Ya ce wa mai shanu su wuce. Na bi su ta gefen ido, suka bi gefen fili, suka wuce azarar yamma, suka doshi hanyar rafi. Saura gefe uku da rabi, masakin ya fi ƙarfina. Na ce a raina ko zan kai azahar sai na gama.

Ɗana ya kai bakin fadama. Sai ya waiwayo.

Ya tsaya nan jim. Ya yi wa mai shanu nuni da hannu ya ci gaba, shi ya dawo, fuska a ɗaure, irin ta ranar gayya.

"Layin nan ya karkace, Inna. Igiyar ba ta jawu ba."

"To ja ta."

Ya ja ta ta miƙe. Ya shafe nawa da ƙafa, ya karɓi masakin ya ce in riƙe turke. Hannunsa bai manta ba, siririn layi yake zubawa fari tas, toka ba ta ɓaci. Masu tafiya gona suka fara tsayawa. Golan nan ya zo, ya ajiye hauyarsa ya kama igiya. Sauran suka biyo ɗaya-ɗaya. Kafin mu kai kusurwa ta huɗu sarkin noma na nan, wanzami na nan, mai unguwa ya iso da sandarsa, ardo na tsaye can da shanunsa a inda ya saba kewayewa.

Na duba na ga mutane sun isa. Yaya ya yi ta jiran Juma'a, ni ban jira ba. Na kwance bakin zanena, na shiga tsakiyar fili, na kira sunan ɗana da ƙarfi yadda na bayan azara zai ji, karo na biyu a rayuwata. Ya zo ya durƙusa. Na ce, "Kawunka ya ce kai ne. Ya so ya faɗa da bakinsa, bai samu ba." Na sa masa usur ɗin a hannu, na ce wa mai unguwa a aika Kudan a ce wasa na nan.

Ban tsaya ganin fuskarsa ba. Na kakkaɓe masakina na koma gida, don ko wuta ban hura ba, kuma Juma'a ta sama za a buƙaci toka.